Baƙar Giyar Khiem Mai Gyaran Fanka

A lungun da ke bayan kasuwar kifi ta garin My Tho, inda babur biyu ba sa gifta juna sai ɗaya ya manne da bango, akwai wani mai gyaran fanka da ake kira Khiem. Aikinsa ba laifi. In ya gyara maka fanka takan juya, ko da yake wani lokaci kanta yakan ƙi waiwayowa inda kake zaune. Amma shi ba da hannunsa yake taƙama ba, da harshensa yake yi. A faɗarsa, duk yankin kogin nan ba a haifi wanda ya kai shi sanin ɗanɗanon giya ba.

Tushen taƙamar kuwa, a zamanin samartaka ya yi aiki a wani kamfanin giya a babban birnin Saigon. Dakon akwatuna yake yi a keke mai ƙafa uku, daga sito zuwa shaguna. Da shekaru suka tura, labarin ya yi ta ƙiba a bakinsa. Da farko cewa yake yakan leƙa ɗakin masu ɗanɗano. Daga baya ya zama a ɗakin yake wuni. Har ta kai ga manyan kamfanin ba sa sakin giya kasuwa sai Khiem ya kurɓa ya gyaɗa kai. Shi kansa ya san abin da ya fi ɗanɗanawa a wurin nan gumin goshinsa ne, kuma in ya ji inda labarin ya kai yakan yi wa kansa dariya a zuci. Matsalar ita ce bakinsa ba ya shawara da shi kafin ya buɗe.

Kowace yamma mazan lungun kan jera ƙananan kujerun roba a ƙofar shagon Doan mai aski, a sha giyar kanti da ƙanƙara, a ci dafaffiyar gyaɗa. Doan abokin Khiem ne tun suna yawo ba wando, saboda haka bai taɓa yarda da kalma ɗaya a labarin Saigon ba, bai kuma taɓa gajiya da tsokanarsa ba.

A irin wannan zama ne Vien ya same su. Vien saurayin Thoa ne, 'yar Khiem tilo, kuma an riga an sa ranar da iyayensa za su kawo kayan baiko. Yaro ne mai natsuwa, shi da abokansa suna dafa giyarsu da hannu a wani ɗan wuri a Saigon, kaɗan-kaɗan, ba irin ta kamfani ba. Ya gaida kowa hannu biyu, ya fito da kwalba daga jaka ya ajiye a gaban surukinsa. Ya ce sabuwar giya ce, baƙa, da cakulan da ɗan itace a ciki, kuma Thoa ta gaya masa irin sanin da Baffa ya yi wa giya, shi ya sa yake so ya ji ta bakinsa.

Doan ya ja kujerarsa kusa, ya harɗe ƙafa kamar wanda aka saya wa tikitin kallo.

Vien ya karkata tambulan ya zuba a hankali. Abin ya fito baƙi ƙirin, kumfarsa mai kauri launin ƙasa, ta zauna a sama ba ta da niyyar tafiya. Khiem ya miƙa hannu cikin bokitin ƙanƙara.

"Baffa, wannan ba ta son ƙanƙara," in ji Vien a hankali.

"Na sani. Gwada ka nake yi."

Ya ɗaga tambulan ya duba ta a hasken rana, bai ga komai ba. Ya jujjuya shi kamar yadda ya ga ana yi a talabijin, kaɗan ta fantsalo masa a riga. Ya shinshina, ya lumshe ido, ya kurɓa.

Ɗaci ne ya fara isowa, irin na ƙanzon shinkafa da ya ɗan ji wuta. Sai cakulan ya biyo baya ya shimfiɗe a harshe, lallausa, mai nauyi. Can bayan ya haɗiye, wani zaƙi na ɗan itace ya leƙo daga maƙogwaro ya zauna. Tunda aka haifi Khiem bai taɓa sa abu mai daɗin wannan a bakinsa ba. A ransa ya ce, Khiem, yau ka gamu da gamonka, yaron nan ya iya, faɗi gaskiya ka huta.

"Ba laifi," in ji bakinsa. "Ga mai koyo."

Doan ya ce to tunda harshen ya farka, a faɗa musu wane ɗan itace ne a ciki. Khiem ya sake kurɓa, ya kalli sama, ya ce mangwaro ne, ko yaro ya sani. Vien ya sunkuyar da kai. Khiem ya yi saurin cewa yana nufin gwanda. Vien ya ƙara sunkuyawa, sannan ya ce cikin ladabi busasshiyar ayaba ce.

"Abin da nake shirin faɗa ke nan. Ayabar da ta girma kusa da bishiyar mangwaro."

Aka kwashe da dariya har wani ya ƙware da gyaɗa. Da Khiem ya bi su an yi dariyar tare, da magana ta mutu a nan. Amma ya ga Thoa ta leƙo daga ƙofar gida, ya tuna nan da 'yan makonni mutanen Saigon za su shigo ɗakinsa su kalli tarkacen fankoki su kalle shi. Sai ya gyara zama ya fara koyar da Vien sana'arsa: giyar ta yi sanyin jiki, cakulan ya yi kaɗan, ayaba kuma abincin jarirai ce. Shi da zai dafa irin wannan, wanda ya sha sai ya ji a tafin ƙafarsa.

"To dafa mana," in ji Doan. "Ko tukunyar ma tana Saigon?"

Khiem ya miƙe tsaye ya yi wa lungu alkawari: ranar baikon 'yarsa, baƙar giyarsa za a sha, mai cakulan da ɗan itace, wadda ya dafa da hannunsa. Yana gama faɗa ya ji kamar ya kama maganar a iska ya mayar. Ya shanye sauran giyar Vien har kumfar, don kada ta lalace, in ji shi.

Matarsa Gam ta ji labari kafin ya iso gida. Ta tuna masa ko ruwan shayi ya ɗora sai ya ƙone. Thoa ta roƙe shi ya bari, ko aƙalla ya tambayi Vien yadda ake yi. Ya ce a ina aka taɓa ganin malami ya je neman karatu gun ɗalibi. A ransa kuwa yana lissafin cewa bai ma san ta inda ake farawa ba.

Ya dai ji ana cewa da sha'ir ake yi. Ya zagaye kasuwa bai samu ba, sai ya yanke hukuncin cewa shinkafa ma hatsi ce. Baƙin kuma, a ganinsa, daga suya yake zuwa. Ya ɗora babban kaskon Gam a bayan shago, ya juye shinkafa, ya hura wuta. Ana cikin haka wata mata ta kawo fanka, ya tsaya yi mata bayanin yadda ake dafa giya. Kafin ya kai rabin bayanin hayaƙi ya turnuƙe gidan. Dabara ta zo masa: ya kunna duk fankokin da ke shagon ya juya su waje. Hayaƙin ya tsallaka lungu ya shige shagon Doan, inda wani dattijo ke kwance da kumfa a rabin fuska. Dattijon ya fito a guje da ƙyallen aski a wuya yana kiran gobara. Mata suka fito da bokitai. Doan ne ya fara isowa, ya duba kasko, ya duba Khiem, ya zaɓi ya juye bokitin a kan Khiem.

"Kaskon ne ke ci, ba ni ba," in ji Khiem yana tsiyayar ruwa.

"Na ga daga inda wutar ta taso ne," in ji Doan.

Shinkafar ta zama gawayi. Khiem ya daka ta, ya gaya wa maƙwabta daidai baƙin da yake nema ke nan.

Saura cakulan. Ya ce ba zai sayi na kanti ba, sai na gona, don haka ya sa farin wandonsa na fita unguwa, ya hau babur ya haye gada zuwa Ben Tre, inda ake noman koko. Ya sayi manyan sallayen cakulan a gun masu yi. A hanyar dawowa ya ga mai sayar da duriyan a bakin titi, wani ƙaton ɗan itace mai ƙaya da tsananin wari, ya tuna ya raina ayaba a gaban jama'a, to dole ya zo da sarkin 'ya'yan itace. Duriyan suka cika kwandon babur da ƙayoyinsu da warinsu, cakulan ya rasa wurin zama, sai ya cusa shi a aljihunan baya. Rana tana tsaka, kujerar babur kamar kasko.

Da ya shigo lungu ya sauka yana tura babur yana gaisawa da mutane, sai ya lura duk wanda ya wuce yakan yi shiru. Wata tsohuwa mai sayar da taliya ta biyo shi ta kama hannunsa, ta raɗa masa cewa ba abin kunya ba ne, girma ne, mijinta ma haka ya yi ta fama, ya dafa ganyen goba ya sha. Khiem ya waiwaya ya ga bayansa. Ya ce cakulan ne. Mata suka gyaɗa kai cikin tausayi suka ce haka ne, cakulan ne, ya dai yi sauri ya shiga gida. Da ya ga ba wanda ya yarda, sai ya dangwala yatsa a bayan wandon ya lasa a gabansu.

Tsohuwar ta saki hannunsa. Doan kuwa sai da aka ɗaga shi daga ƙasa.

Bai bar cakulan ya tafi a banza ba. Ya kankare abin da ya kankaru da cokali, sauran ya jiƙa wandon a ruwan zafi ya matse a tukunya. Ya haɗa da gawayin shinkafa da tsokar duriyan da sukari, ya tafasa, ya marmasa ƙwallayen yis, mai sa giya tashi, irin na masu giyar shinkafa a ciki. Sai neman mazubi. A bayan gida akwai wata randar Gam da ba komai a ciki. Ya ɗauraye ta sama-sama ya juye, ya rufe da ganyen ayaba. Da Gam ta dawo daga kasuwa ta tsaya ta daɗe tana kallon randar.

"Baban Thoa, ka san abin da nake jiƙawa a nan?"

"Ruwan sama."

"Kifi. Tun kafin a haifi Thoa nake jiƙa kifi da gishiri a cikinta."

Ya ce ya sani, da gangan ne, sirrin manyan masu dafa giya ke nan. Ta ce to sirrin ya zauna a bayan gida, in ya shigo mata ɗaki shi da sirrin za su kwana a titi.

Ba a daɗe ba randar ta fara gurnani. Sai wari ya tashi. Kyanwoyin unguwa suka yi sansani a kan katanga, ba sa faɗa, ba sa kuka, suna kallon randar kawai. Maƙwabcin baya ya tono kwatarsa yana neman mushe. Mai taliya ta matsar da teburinta zuwa bakin titi. Duk wanda ya yi ƙorafi Khiem yakan ce masa hancinsa ne bai waye ba.

Wata safiya da Gam da Thoa suka fita, ya ɗaga ganyen ya ɗebo a ludayi ya kurɓa. Ya daɗe a tsugune idonsa na hawaye. Ya miƙa wa wata kyanwa sauran, ta shinshina, ta dube shi, ta sauka ta ɗaya gefen katangar. Ya ce wa kansa, sannu babban maɗanɗanin Saigon, ka dafa kogi da kifayensa. Ya ƙudurta zai zubar. Yana ɗaga randar sai ga kan Doan ta saman katanga yana tambayar yaya amaryar da ke cikin randar take.

"Tana nuna," in ji Khiem. "Ban taɓa yin wadda ta kai ta ba."

Wannan kam gaskiya ya faɗa.

Fatansa ɗaya ya rage: ya ji ana cewa giya a kwalba take gyaruwa. Ya tara tsoffin kwalabe, ya tace ya ɗura, ya ƙara wa kowace sukari da hannu sake don ta danne kifin, ya toshe bakunan da toshe ya ɗaure da robar tayar babur. Da yammar ranar Vien ya buga waya, bayan gaisuwa ya tambaya a kaikaice ko Baffa ya sa sukari a kwalaben, kuma kamar yaya. Khiem ya ce isasshe. Vien ya roƙe shi ya ajiye su wuri mai sanyi, nesa da mutane, kada kuma a girgiza su.

Khiem ya duba gidan kaf. Wurin da ya fi sanyi, wanda ba mai zama kusa da shi, shi ne ƙarƙashin teburin kakanni a ɗakin baƙi, inda hotunan iyayensa da kaskon turare suke. Jan ƙyalle ya rufe teburin har ƙasa. Ya jera kwalaben a ciki, ya roƙi mahaifinsa gafara a hoto. Da Gam ta tambayi inda giyar ta tafi, ya ce ya kai ta inda ba za ta dami kowa ba. Ta ɗauka kogi yake nufi, har ta dafa masa kifin da yake so.

Ranar baiko mutanen Saigon suka iso da hantsi, a jere, samari na ɗauke da farantai lulluɓe da jan ƙyalle, na shayi, na waina, na 'ya'yan itace, da gasasshen alade guda a kan katako. A gabansu akwai Kaka Sen, kakar Vien wadda ta rene shi, 'yar tsohuwa ƙarama cikin doguwar rigar siliki ruwan zinariya, da sanda a hannu. An riga an gargaɗi Gam a kanta: ita ke yanke magana a gidansu, kuma ta taɓa fasa wata ƙulla zumunta saboda ta ga ƙura a bakin kofin shayi. Thoa ta yi kwanaki tana goge gidan.

Aka cika ɗakin baƙi maƙil, maƙwabta suka cika taga. Aka zaunar da Kaka Sen a kujerar girma, dab da teburin kakanni. Aka jibge farantai a kan teburin, aka dire aladen da ƙarfi har ƙasa ta amsa. Khiem ya ji wani ɗan ƙaran gilashi daga ƙarƙashi. Aka kunna manyan kyandirori biyu na baiko, kuma da yake mutuwar ɗayansu mugun fata ne, aka ce a kashe fankoki duka. A gidan mai gyaran fanka aka zauna ana gumi.

Wani kawun Vien ya miƙe ya fara jawabi. Ya taɓo asalin zuriyarsu, ya taɓo halin Vien tun yana rarrafe. Yana cikin yabon tarbiyyar gidan su Thoa sai aka ji wani siririn fito, fiii, daga wajen manya. Kowa ya yi kamar bai ji ba, aka dai saci kallon wani tsoho da ke gyangyaɗi. Fiton ya ƙaru. Khiem ya fara tari don ya rufe shi. Fiton ya fi tarin ƙarfi, ya ƙara da gyaran murya, har Gam ta miƙo masa ruwa tana harararsa.

Sai fam. Jan ƙyallen ya ɗaga ya koma.

Mai jawabi ya tsaya baki buɗe. Khiem ya haɗa hannuwa a ƙirji ya ce, cikin murya mai nauyi, kakanni ne suka amsa.

Kakannin ba su tsaya a nan ba. Kwalba ta biyu ta tashi, ta uku ta bi ta, daga nan suka haɗa baki. Toshe ɗaya ya fito ya bugi rufin kwano ya dawo cikin farantin waina. Wani toshen ya sami mai jawabi a gwiwa. Baƙar kumfa ta kwararo daga ƙarƙashin teburin ta bi tsakanin takalman baƙi, wari ya biyo ta, kifi a gaba duriyan a baya. Mata suka tattare riguna suka yi waje, maza suka bi su suna cewa a kwantar da hankali. Tsohon da ke gyangyaɗi ya farka ya riga kowa fita. Doan yana taga ya kare fuska da murfin tukunya, amma bai matsa ko taku ba, don kada wani abu ya wuce shi. Vien ne ya tuɓe rigarsa ta sama, ya rarrafa ƙarƙashin teburin da babban baho, ya kife sauran kwalaben, ya zauna a kai. Suka ci gaba da bugun bahon daga ciki, shi kuma yana ɗan tsalle a zaune yana ba kowa haƙuri.

Da abin ya lafa, Kaka Sen na nan inda take. Rigar zinariyar ta zama launin ƙasa daga ƙafa har kafaɗa, ga kumfa a gashinta. Thoa ta rufe fuska a bayan uwarta, kafaɗunta na rawa. 

"Aikin wa ye?" in ji Kaka Sen.

Khiem ya jira bakinsa ya kawo ɗauki kamar yadda ya saba. Bakin ya yi lif. Ya dubi 'yarsa, ya ga abin da yake shirin jawo mata, sai ya matso ya sunkuya.

"Nawa ne, Inna. Yarinyar ba ta san komai a kai ba."

Tsohuwar ta ce ta ji labarinsa tun daga Saigon, an ce duk kogin nan ba mai harshensa. Ta nuna wata kwalba da ta gangaro gefen kujerarta da saura a ciki. Ta ce a ba shi tambulan, ya sha, ya gaya mata abin da aka yi mata wanka da shi.

Mutane suka dawo bakin ƙofa. Khiem ya zuba, ya ɗaga tambulan ya duba, ya shinshina, idonsa ya kawo ruwa. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye da ƙyar.

"Inna, kifi ne ke fara shigowa, ba sallama," in ji shi. "Sai duriyan ya biyo shi da niyyar korarsa, su kama kokawa a kan harshe, ba mai ka da wani. Gawayi yana gefe yana kallo. Cakulan kuwa na aika masa, amma ina jin har yanzu yana cikin wandona."

"Ƙarshenta fa?"

"Ba ta da ƙarshe, Inna. Wadda na ɗanɗana tun kwanaki ma tana nan."

Kaka Sen ta dube shi, ta daɗe. Sai leɓenta ya fara rawa. Ta fashe da dariya har sandar ta faɗi, tana share hawaye da hannun rigar da ya ɓaci. Jama'a suka samu izini, lungu ya ɗauka. Ta ce jikanta sai da ya fasa mata firji kafin ya iya sana'ar nan, ashe gidan da ya dace da shi ya nemo. Ta nuna teburin da haɓa: kyandirori biyun suna ci, ko rawa ba su yi ba. Ta ce wa mai jawabi ya taƙaita, a sa wa yarinya 'yan kunne kafin a sake harbi.

Haka aka yi baikon, Vien a tsaye da jiƙaƙƙen wando, Thoa tana dariya da jajayen idanu, Khiem a gefe da tsumma yana goge ƙafar tebur. Abinci kuwa a lungu aka ci, a kan teburan maƙwabta, don ɗakin ba ya shiguwa. Doan ya yi ta zagayawa yana ba baƙi labarin wandon, Khiem na gyara masa inda ya rage.

Da baƙi za su tafi, Kaka Sen ta kira shi gefe, cikin aron rigar Gam da ta yi mata yawa. Ta tambaya ko akwai saura. Ya ce akwai guntu a gindin randa. Ta ce a ɗura mata a jarka, za ta tafi da ita.

Nan take ƙirjin Khiem ya fara tasowa. Ya waiga ya tabbatar Doan yana ji, ya ce ai ya san sai mai harshe ke gane irin wannan, a sha ta dai kaɗan-kaɗan.

"Ba ni zan sha ba," in ji ta. "Ɓeraye ne suka dame ni a akurkin kaji. Na gwada komai sun ƙi tashi."

Khiem ya ɗura mata jarkar da kansa, ya ɗaure bakin sako-sako, ya kai har mota ya ajiye a hankali.

"In sun sha, Inna," in ji shi, "a aiko min da ra'ayinsu."